Giyar Baya da Tambayar Wanne Ya Fi

Ba a cewa abu ya fi kyau sai an san aikin da zai yi, kuma aksul ɗin bayan mota hujja ne. Bakanike a Gyadi-Gyadi zai buɗe na tsohuwar Peugeot 504 ya ƙirga haƙora: a ce 37 a babbar giya, 9 a ƙarama, wato farfela ta juya sau 4.11 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Wannan haɗin giya yana jan kaya a lungunan Tarauni, amma a hanyar Zariya injin zai yi ta ƙara yana shan mai. Wani zai ce tsaka-tsaki tsakanin giyar jan kaya da ta gudu ne adalci. Ban yarda ba, domin mai lodin hatsi kullum kulocinsa ne zai ƙone a kowane tashi.