Darasin Ruɓewa da Tashin Ƙiyama

Ƴaƴanmu na lakwal suna bitar darasin ruɓewa saboda jarrabawa: yadda tsutsa da gara da ƙwayoyin da ido ba ya gani ke cinye mushe da ganye, zafi da danshi na gaggauta aikin, har kome ya zama takin gero. Wasu iyaye na tsoron wannan ya raunana imanin yaro da tashin ƙiyama. Mu ba mu ga haka ba. Shubuhar tsohuwa ce: an ruwaito Ubayyu ɗan Halaf ya marmashe ruɓaɓɓen ƙashi gaban Annabi (SAW), sai ƙarshen Suratu Yasin ya kafa masa hujja da halittar farko. Malamin lakwal inda jiki ke watsewa yake nunawa, bai ce ya ɓace wa Mahaliccinsa ba.