Ƙarya Ta Halatta Don Namu Ya Ci Zaɓe?

Duk lokacin da zaɓen shugaban ƙasa ya matso, akwai maganar da ke yawo a majalisun shayi da bakin shaguna: wai siyasa yaƙi ce, yaƙi kuwa ɗan zamba ne. Ma'ana, in dai ɗan takararmu mutumin kirki ne, ba laifi a ɗan yi wa abokin hamayyarsa ƙage, tunda su ma can suna yi. Masu faɗin haka da yawa mutane ne masu sallah da azumi, waɗanda ba za su taɓa tauye mudu ba. Shi ya sa maganar ta cancanci mu zauna mu auna ta.

Bari mu fara da abin da ya faru a gaban idonmu. A watan Janairu na 2015, gwamnan Ekiti na lokacin, Ayodele Fayose, ya sayi shafin farko na wasu jaridu ya jera hotunan Murtala Muhammad da Sani Abacha da Umaru Musa 'Yar'aduwa, shugabanni uku da suka rasu a kan mulki, yana nuna wa mutane kada su zaɓi Muhammadu Buhari don shi ma zai iya bin sahunsu. Allah da ikonsa, marigayin ya yi shekara takwas cur a kan kujera. A 2018 aka cika wayoyi da labarin wai Buhari ya mutu, wanda ke fadar gwamnati wani Jibrin ne daga Sudan, har sai da ya fito da bakinsa a ƙasar Folan cikin Disamba na shekarar ya ƙaryata. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2019 lauyoyin APC sun shaida wa kotun zaɓe cewa Atiku Abubakar ba haifaffen Najeriya ba ne, saboda Jada inda aka haife shi tana cikin yankin Kamaru na Ingila kafin ƙuri'ar raba-gardama ta 1961. Ana gobe zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, sai ga wata murya tana yawo a WhatsApp wai Atiku ne da mutanensa suna ƙulla maguɗi, masu bincike suka duba suka ce haɗa ta aka yi. Kun ga ke nan, babu jam'iyyar da za ta ce hannunta a wanke yake, babu kuma wadda ba a watsa wa taɓo ba.

Abin ma ya zama sana'a. A Janairun 2023 BBC ta fitar da bincike cewa jam'iyyu na biyan masu ɗimbin mabiya a intanet don su yaɗa ƙarya kan abokan hamayya, wani har naira miliyan 20. To, shi an biya shi. Wanda ya karɓi saƙon a nan Gombe ya tura wa zauren 'yan'uwa da na masallaci da na 'yan kasuwa, shi nawa aka ba shi? Ko sisi. Dakon kayan wani ya yi kyauta, zunubin kuma an raba da shi.

Yanzu mu koma kan hujjar. An ce yaƙi ɗan zamba ne, mun ji. Amma wa ake yaudara a yaƙi? Abokin gaba. A zaɓe fa? Wanda ake yi wa ƙage ya san ƙarya ce, ba shi aka ruɗa ba. Wanda aka ruɗa shi ne mai jefa ƙuri'a: kawunka, matarka, maƙwabcinka, yaron shagonka. Zaɓe ya fi kama da ciniki. Ɗan takara ya kasa hajarsa, talaka ya zo da kuɗinsa, wato ƙuri'arsa ɗaya tal, wadda ba zai sake samun irinta ba sai bayan shekara huɗu. Wanda ya zuba tsakuwa a buhun wake a Tudun Hatsi, ko ya jiƙa masara don ta yi nauyi, mun san sunan aikinsa: algus. Wanda kuma ya tsaya a ƙofar shagonsa yana ce wa masu saye shinkafar maƙwabcinsa da guba a ciki, alhali ya san babu, wannan ya fi mai algus muni. Ba mu ga yadda abin da ya haramta a kan tiya guda zai halatta a kan makomar mutum sama da miliyan 200 ba.

Wani zai ce, Malam, ke nan mu rufe baki ko da mun san ɗan takara ɓarawo ne? A'a. Malamai sun daɗe da bayanin cewa faɗin aibin mutum don gargaɗi ba giba ba ce, kamar wanda aka nemi shawararsa kan aure ko kan haɗa jari. Wanda ya nemi ya riƙe dukiyar al'umma, dole a tona yadda ya riƙe ta baya. In ya yi gwamna bai biya albashi ba, a faɗa. In ya yi alkawarin hanya bai yi ba, a nuna ramukan. Sai dai akwai sharuɗɗa uku. Abin ya zama gaskiya ce da ka tabbatar, ba "an ce wai" ba. Ya zama ya shafi aikin da yake nema, ba iyayensa ko ƙabilarsa ko ranar mutuwarsa ba. Sannan ya zama maganar da za ka iya maimaitawa a gaban alƙali ba tare da gumi ya karyo maka ba. Suratul Hujurati ta umarce mu da bincikar labari kafin mu yi aiki da shi, kuma ba ta ware lokacin kamfen ba. Dokar zaɓe ta 2022 ma ta hana zagi da tunzura mutane da addini ko ƙabila a wajen yaƙin neman zaɓe, ko da yake ba kasafai muke ganin an hukunta kowa ba.

Sai hujja mafi nauyi: in su suna ƙarya mu ba ma yi, ai za su kayar da mu. Gaskiya ne, yana iya faruwa. Ba za mu yaudare ku da cewa mai gaskiya kullum shi ke cin zaɓe ba. Amma ku duba abin da ake saye da wannan nasarar. Shugaban da ya hau ta hanyar ƙarya ya riga ya gane cewa mutanensa suna haɗiye duk abin da aka ba su, to don me zai faɗa musu gaskiya kan kuɗin mai ko bashin ƙasa? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Iyayenmu sun taso daga Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato suka zauna a garin nan don neman halal, jarinsu na farko amana ce. Da ita suka zauna lafiya da Fulani da Tera da Bolewa da Tangale da Waja, da ita Inyamuri ke ba mu kaya bashi daga Onica, da ita Bayarabe ke aiko mana da kuɗi kafin ya ga buhu. Ƙaryar kamfen kuwa kusan kullum kan addini da asali take sauka: wane arne ne, wane ɗan ta'adda ne, wane baƙo ne. Mu da aka san kakanninmu daga wani wuri suka zo, bai kamata mu wasa wuƙar "baƙo" ba. Mun ga ƙarshen irin wannan bayan zaɓen 16 ga Afrilu 2011, lokacin da ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe sama da mutum 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa 12, har da Gombe. 'Yan takarar suna nan da ransu a lokacin, daga baya ma suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja a 2015, suka rungumi juna. Waɗanda aka binne da waɗanda shagunansu suka ƙone talakawa ne. Haka yaran da aka mayar 'yan Kalare: an ba su ƙwaya da adda, zaɓe ya wuce, aka manta da su.

Don haka kowa ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai, ya tallata shi da ƙarfinsa, wannan haƙƙinsa ne. Amma in saƙo ya shigo wayarka, ka tambaya: wa ya faɗa, a ina, yaushe? In babu amsa, ya mutu a hannunka. Limamai kada mu ba da aron mumbari. Iyaye a ja wa yara kunne, musamman masu riƙe da shafukan Facebook na 'yan siyasa don kuɗin data. Magana zarar bunu ce, kuma ranar da za a tambaye mu, ba jam'iyyar da za ta tsaya mana.

Allah ya ba mu shugabanni nagari, ya tsare harsunanmu da yatsunmu, ya zaunar da Gombe da Najeriya lafiya. Wassalam.