Shin Wahala Ce Ke Haifar Gwani?

'Yan'uwa, daga Amarawa hanya ta bi Kwanni da Tawa har Agadas, ƙasar makaɗin jita Omara Moctar, wato Bombino. Tawayen Abzinawa ya kore shi zuwa Aljeriya a 1990, yana ɗan shekara 10. Can ya fara koyon jita. Yaƙin 2007 ya sake tura shi Burkina Faso, bayan an kashe abokan kiɗansa biyu.

Mukan ce wahala ce ta gina shi. Amma wahalar nan ita ta cinye waɗancan biyun. Mafakar da ya samu a baƙunci ce ta raya baiwarsa. Saboda haka, in yaro ya gudo wa 'yan bindiga ya iso ƙofarmu, kada mu sallame shi da "haƙuri" kawai. Mu ba shi masauki.