Jiki Amana Ne, Ba Abin Gori Ba

Mai karatu, a garinmu Gazara ta ƙasar Makarfi, inda rake da mazarƙwaila suka yi gida, in mace ta yi ƙiba sai a ce ta sami hutu, in ta rame a ce miji ya gaza. Gudun wannan gori ne ke sa wasu 'yan mata shan ƙwayar nan "sha ka fashe" kafin biki, alhali tana iya jawo hawan jini da ciwon sukari.

To, sai ga asibiti da nata ma'aunin, wanda ke gwama nauyin mutum da tsawonsa. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya ƙago shi a shekarun 1830, don nazarin jama'a, ba don yanke wa mutum ɗaya hukunci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce. Ashe gida na zagin siririya, sikeli na tuhumar mai jiki. Ina mafita?

Gwaggona ta kai kukan hawan jini wani ɗakin shan magani. Ma'aikaciyar ta ce mata a bainar jama'a, "Iya, ai ke kika jawo wa kanki da wannan teɓa." Shekara guda ba ta koma ba, ciwon kuwa bai ji kunya ya tafi ba. Sai da wata ta zaunar da ita ta ce, "Iya, mu bar zancen sikeli. A rage gishiri, a rage sukarin koko, a riƙa takawa, a sha magani kan lokaci." Jikinta bai ragu sosai ba, amma jinin ya sauka.

Wani zai ce yarda da jiki ai sakaci ne, tunda ƙiba na da haɗari. Haɗarin gaskiya ne. Amma fa wanda ya tsani gonarsa ba ya yi mata taki. Mutum ya fi tattalin abin da yake ganin darajarsa. Yarda da halitta daban, yarda da cuta daban.

Saboda haka ina kira ga ɗaliban Kwalejin Kiwon Lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi: ku auna jini, ku auna sukari, amma ku fara auna harshenku. Lafiya uwar jiki, mutunci kuwa shi ke kawo majinyaci ƙofarta. Allah ya ba mu lafiya, amin.