Amanar Dukiyar Jama'a Da Amanar Harshe

  

Ya kai ɗan'uwa matashi, ko kana Dutsin-Ma ko kana Kurfi, zancen nan ba baƙo ba ne gare ka, don an sha yin sa a majalisarku. Alhaji Ibrahim Shehu Shema, mutumin Dutsin-Ma, ya yi gwamnan Jihar Katsina daga 2007 zuwa 2015. A 2017 hukumar EFCC ta gurfanar da shi gaban Babbar Kotun Jiha bisa tuhumar karkatar da kimanin Naira biliyan 11 na ƙananan hukumomi. Ya musanta. Jaridu suka buga, rediyo ya ɗauka, masu waya suka yaɗa. Aka shekara shida ana kai da kawowa. A farkon 2023, ana gab da zaɓe, gwamnatin jiha ta janye ƙarar, kotu ta sallame shi. Bayan 'yan watanni ya bar PDP ya koma APC.

To, me ya rage a hannunka? Alƙali bai kai ga yanke hukunci ba. Saboda haka duk wanda ya rantse cewa mutumin nan ɓarawo ne, ya faɗi abin da bai sani ba, kuma za a tsayar da shi a kai ranar Alƙiyama. Allah Maɗaukakin Sarki Ya umarce mu, cikin Suratul Hujurat aya ta 6, da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci waɗansu bisa jahilci mu dawo muna nadama. Ka san ɗan jarida yana da mai gida, mai gidan kuma yana da jam'iyya. Kai kuwa da ka tura labarin a waya, ba wanda ya biya ka ko kwabo, amma ka ɗauki rabonka na alhaki.

Sai dai kada wani ya fake da wannan ya ce a yi shiru. A'a! Kuɗin da aka yi magana a kansu ba gadon kowa ba ne. Haƙƙin ƙananan hukumomi 34 ne: albashin malamin firamare, maganin asibitin ƙauye, rijiyar da mahaifiyarka take jira. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi. Annabi bai rufe maganar a ɗaki ba, mumbari ya hau ya yi huɗuba a kai. Wannan fa sahabi ne. Ashe tambayar ma'aikaci ina dukiyar jama'a ba rashin kunya ba ce, Sunna ce.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne yadda harsuna suka juya. Waɗanda suka yi ta ihu a 2017 sun yi tsit a 2023, waɗanda suka yi ta karewa kuma su ne suka koma zagi. Hujja ce ta sauya? Wallahi jam'iyya ce kawai ta sauya. Wanda yake gane gaskiya da tutar jam'iyya, to ya binciki imaninsa.

Ga kuma madatsar ruwa ta Zobe nan kusa da kai. An gama gina ta a 1983, zamanin Shehu Shagari. Ba a buɗe kashin farko na aikin ruwan shanta ba sai a 2021. Shekara 38 ke nan! Yaron da aka haifa shekarar da aka gama ta ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, yana sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Wannan bai cika samun shafin farko ba, don babu sunan mutum ɗaya da za a yi kasuwa da shi.

In mai neman kujerar Dutsin-Ma da Kurfi ya zo ƙofarku, kada ka tambaye shi kuɗin shayi. Ka yi masa sallama, ka zaunar da shi gaban dattawa, ka tambaye shi: nawa ya shigo wa ƙaramar hukumarmu bara, kuma me aka yi da shi? Ka rubuta amsarsa da kwanan wata, ka adana takardar har ya dawo neman ƙuri'a.