Kiran da ba mai amsawa, asara ne?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa.

Ƴan'uwa, a duwatsun ƙasar Panama, sama da garin El Valle, akwai daji mai yawan hazo. A nan masana suka gano wani kwaɗon bishiya a shekarar 2005. Yatsunsa suna da faffaɗar fata, yakan baza su ya sauko daga kan itace ta cikin iska. Namijin ne ke gadin kogon bishiya mai ruwa inda ƴaƴansa suke, yakan shiga ruwan su riƙa cin ɓawon fatarsa.

Sai wata cuta mai kama fatar kwaɗi ta shiga dajin. Tun 2007 ba a ƙara jin kukansu a can ba. An kai kaɗan Amurka domin a tsirar da su, amma ba su bar zuriya ba. Wanda ya rage a wani lambu na birnin Atlanta ya yi shekaru shiru. A 2014 aka ji shi yana kira, alhali ba a san sauran irinsa a duniya ba. Ya mutu a 2016.

Mai lissafin duniya zai ce kiran ya faɗi a banza, tun da kukan namijin kwaɗo neman mace ne. Ta wannan fuska yana da gaskiya. Sai dai Suratul Isra'i ta sanar da mu cewa kowace halitta tana tasbihi, mu ne ba mu fahimta. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa wani mai magani ya nemi sa kwaɗo a magani, Annabi (SAW) ya hana kashe shi. Ashe darajar halitta ba ta rataya ga amfanin da muke gani ba.

Tambayar tana kanmu. Muridi yakan yi ƙwazo a cikin halƙa, amma idan tafiya ta kai shi garin da babu zawiya, sai wuridi ya yi masa nauyi. Mai hidima yakan karaya in ba a ambaci sunansa ba. To, don wa ake yi tun farko? In don jama'a ne, aikin zai watse tare da su. In don Allah ne, Mai ji yana nan ko da an watse.

Allah ya ba mu ikhlasi a ɓoye da bayyane. Amin.