Wane Ne Maƙwabcinmu?

Tsaunukan Himalaya sun miƙe tsawon kilomita kusan 2,400, sun ratsa Pakistan, Indiya, Nepal, Bhutan da Sin. Dusar ƙanƙarar da ke zuba a kansu tana taruwa shekara da shekaru, ta danne juna har ta daskare, ta riƙa gangarowa a hankali cikin kwaruruka. Daga narkewarta ne koguna irin su Indus, Ganges da Brahmaputra ke samun wani kaso na ruwansu.

Da duniya ta ƙara ɗumi, sai ƙanƙarar ta soma ja da baya. Ruwan da ta bari yakan zama tafki a bayan tarin duwatsu da tsakuwa, madatsar da ba ta da ƙwari. A watan Oktoban 1994 tafkin Luggye da ke arewacin Bhutan ya ɓalle, ambaliya ta sauka kwarin Punakha, mutum 21 suka rasu. Daga 2009 ɗaruruwan leburori suka riƙa hawa tafkin Thorthormi da ke kusa da shi, sama da mita 4,000, suna haƙa da diga da shebur cikin ruwa mai tsananin sanyi, har suka rage tsayin ruwan da mita 5.

Dazuzzukan Bhutan kuwa suna shanye iskar da ke ɗumama duniya fiye da wadda ƙasar ke fitarwa. Ba su ci nanin ba, amma nanin tana cin su. To, haƙƙinsu yana wuyan wa?

Mun saba auna laifi da niyya, kuma babu mai masana'anta ko direban da ya yi nufin narkar da ƙanƙarar kowa. Sai dai rashin niyya zunubi yake sauƙaƙawa, ba ya goge bashi. Idan shanunka suka shiga gonar wani kana barci, za ka biya ɓarna ko da ba kai ka kora su ba.

Wani zai ce hayaƙinmu bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne, kaso mafi tsoka na bashin yana kan ƙasashe masu manyan masana'antu. Amma idan muka nemi su biya, mun yarda ke nan cewa nisa ba uzuri ba ne, kuma hukuncin zai hau kanmu mu ma, a kan dattin da muke zubawa a kwata ya tafi unguwar da ke gangare. Duk wanda cutarwarmu ta isa gare shi maƙwabcinmu ne, ko da ba mu taɓa jin sunan garinsu ba.